Infoman da Na Kama a Mafara

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na kama infoma da hannuna ba. Na so in manta, abin ya ƙi.

Ni ba mai yawan magana ba ne, don haka bari in faɗi yadda na zo Talata Mafara a gajarce. Ƙauyenmu yana bayan Maradun. Yana nan har yanzu, sai dai ba kowa a ciki sai gara da jemagu. Wata shekara wani mutum ya riƙa zuwa mana sayen fatu. Mai fara'a ne, kullum da alawa a aljihu. Sai ya zauna gindin tsamiya, yara su kewaye shi, ya ce, "Kai yaro, shanun babanka nawa? Ina suke kwana? Karenku yana cizo?" Mu manya muna ji muna dariya, muna cewa bawan Allahn nan yana son yara. Bayan kaka 'yan bindiga suka zo bisa babura. Ba su yi ɓatan hanya ba ko kaɗan. Suka kashe yayana a bakin garke, suka kora shanun, suka tafi da ni daji. Na fito da ƙafa ɗaya da rabi. Labarin ke nan, kada a tambaye ni saura.

Shi kuwa mai sayen fatun, an kama shi daga baya a wata kasuwa. Ina wurin. Abin da aka yi masa ba zan faɗa ba. Na kawo shi ne don ku san na san abin da kalmar infoma, wato mai kai wa 'yan bindiga labari, take yi wa mutum a ƙasarmu. Ba a kai ta gaban alƙali. Inda aka faɗe ta, nan ake gama shari'a.

A Mafara muka kama haya a bayan gari, ni da matata Kulu da ɗiyarmu Balkisu. Ina ƙwadago a gonakin shinkafa na Bakolori, in fita da asuba in dawo da almuru. Da guminmu muka sake haɗa 'yan awaki da rago guda. Wanda bai taɓa rasa garke ba zai ce mene ne awaki. Ni a wurina su ne shaidar cewa ba a gama da ni ba.

Balkisu tana aji huɗu a lokacin. Ni ban taɓa zama a aji ba, ko inuwar makarantar boko ban taɓa fakewa ba. Amma in ta ɗauki littafi tana karantawa da ƙarfi, nakan ji wani abu a ƙirjina. (Ban taɓa gaya mata ba. Mu ba a koya mana irin wannan maganar ba.)

Sai shekarar korona ta zo, aka rufe makarantu. Ban ce cutar babu ita ba. Amma raina ya ɓaci, kuma har yau bai gama hucewa ba. Waɗanda ke kashe mu da rana tsaka suna yawo bisa babura ba wanda ya rufe musu hanya, ɗiyata kuwa an garƙame mata aji an ce ta zauna gida ta riƙa wanke hannu. Yara suka cika lungu, daga mai tallar awara sai mai jifar ƙadangare.

Kulu tana da wata babbar waya mai tsagaggen gilashi, ƙanenta ya bar mata da zai tafi kudu. Ta rantse, kuma na yarda, cewa ta gaya mini malamin kimiyyar su Balkisu ya tara lambobin iyaye wuri guda, yana aiko wa yara darasi da murya, su ma su mayar masa da amsa da murya, kowa yana jin na kowa. Ta ce na ce "to". Zai yiwu. Ni "to" ɗina in na dawo gona yana nufin na ji ƙara a kusa da kunnena, ba ya wuce haka.

Ranar da abin ya faru ba a sako ruwan dam ba, mai gonar ya sallame mu tun kafin la'asar. Kulu ta tafi Bakura sunan ɗiyar ƙanwarta. Na shigo gida ba sallama, don ƙafar na damuna kuma ban zaci akwai wanda zan yi wa sallamar ba. Sai na ji muryar namiji a bayan ɗakin girki, inda dabbobina suke.

Na tsaya cak. Muryar tana cewa, a hankali, da daɗin baki:

"…ku faɗa mini dabbobin da ke gidanku. Guda nawa ne? Mi suke ci? Ina suke kwana? Ɗaure su ake yi ko sakin su?"

Jama'a, gashin jikina ya tashi. Na ga tsamiyar nan, na ga alawar nan. Na leƙa. Balkisu ce durƙushe gaban rago, ta kai waya bakinta, tana magana da murna kamar mai ba da albishir:

"Malam, mu muna da awaki uku da rago guda. Suna kwana bayan ɗakin girki, wajen da katanga ta zube. Baba ne ke gadin su, amma in ya yi barci ko ganga aka buga ba ya ji."

Ban san lokacin da na isa kanta ba. Na fizge wayar.

"Wane ne wanga?"

"Malam Ishaya ne, Baba, na kimi…"

"Ina gidanshi?"

"Bayan asibiti, mai shuɗin ƙyaure. Baba, ai darasi…"

"Rufe mani baki."

(Ku lura da kyau. Yarinyar ta ɗauko gaskiya ta miƙo mini, na buge hannunta. Ta sake miƙowa, na sake bugewa. Daga nan duk abin da ya biyo baya nawa ne.)

Ban zarce wurin mai unguwa ba, wanda shi ne abin da mai hankali zai yi. Wurin Ɗan-Ige na nufa, shugaban 'yan sintirin unguwarmu. Ɗan-Ige mutum ne da in ka ce masa "ga maciji" ba ya tambayar ina, duka yake farawa. Na same shi a teburin mai shayi. Na ce, "Wani na tambayar yara dabbobin gidajensu ta waya." Ya ajiye kofi, ya ɗauki gora, ya yi fito, samari suka taso.

Malam Ishaya mutumin Zuru ne, Kirista, ya daɗe a Mafara har Hausarsa ta koma irin tamu. Ni ban san shi ba sai ranar. Muka tura ƙyauren ba sallama. Yana zaune a tsakar gida da singileti, gabansa tebur, bisa teburin gwangwanaye a jere, wake ya tsiro a ciki, ɗaya an kifa masa kwali. Ga ƙusa a cikin kwalbar ruwa. Ga ƙwai yana yawo a saman kofi, ya ƙi nutsewa.

Ɗan-Ige ya zungure ni. "Ka gani? Har da tsafi."

Na gyaɗa kai kamar wanda ya san tsafi tun daga tushe.

Mutumin ya miƙe yana murmushi. "Sannunku da zuwa. Lafiya dai? Maman yara, kawo musu benci."

Ban amsa gaisuwar ba. Na cafki wuyan singiletin na jawo shi waje. A bakin titi wani mai faci ya ce, "Mi ya yi?" Ni, da bakina, da muryar da ban san ina da ita ba, na ce:

"Infoma ne!"

Ban san Mafara tana da marasa aikin yi haka ba sai ranar. Kafin mu kai kwanar asibiti titi ya cika. Wanda bai san mafari ba ya fi kowa zafi. Wani ya kai masa mari ta baya. Gorar wani ta same shi a baki, leɓe ya fashe. Yana ta cewa, "Ku tsaya in yi magana, don Allah ku tsaya," ba mai ji. Matarsa ta biyo mu ba takalmi, tana kuka, 'ya'yansa biyu riƙe da zanenta. Na waiwaya na ga samari sun fara tsintar duwatsu, suna zaɓen manya.

A nan ne na tsorata, don na taɓa ganin inda wannan hanyar take ƙarewa. Amma ban sake shi ba. Na ce a raina ai na ji da kunnena.

Allah ya sa hanyar ta bi ta ƙofar mai unguwa. Tsoho ne, ba shi da ƙarfin ɗaga bokiti, amma da ya ji hayaniya ya fito da carbi a hannu, ya ratsa mutane, ya kama hannun Malam Ishaya ya tura shi cikin zaure, ya tsaya a bakin ƙofa.

"Duk mai jifa ya fara da ni," in ji shi. "Wa ya kawo ƙara?"

Na ce ni ne.

"Shigo. Kai ma Ɗan-Ige shigo, ka bar gorar nan waje, nan ba daji ba ne."

Muka zauna, da liman da wasu dattawa. Mutane suka toshe ƙofa da taga, wasu har bisa katanga. Na faɗi abin da na ji, na ajiye waya a tsakiyar tabarma kamar na ajiye bindigar da aka kama. Mai unguwa ya juya ta, ya sake juyawa. Duk zauren ba wanda ya san inda ake taɓawa sai wanda ake tuhuma, shi kuwa na ce ban yarda ya taɓa ba. Sai aka ga Balkisu a bakin ƙofa, ashe ta biyo mu tun daga gida, fuska duk hawaye. Mai unguwa ya ce, "Zo nan, jikata. Kunna mana, tun daga farko."

Ta kunna. Muryar nan dai ce, amma daga inda ban ji ba:

"Sannunku yara, ina wuninku? Ku gaida mini iyayenku. Yau a darasin kimiyya za mu ci gaba da dabbobin gida. Ina so mu gano abin da ya sa dabbar da ke kwana a wuri mai laima take yawan ciwon ƙafa da tari. Kowa ya nemi izinin babansa ko mamarsa ya je ya duba da idonsa, sannan ku faɗa mini dabbobin da ke gidanku…"

Sauran kun riga kun ji shi.

Na ce, "Wayo ne. Haka suke yi." Muryata ta ɗan ragu, amma na faɗa.

Mai unguwa ya ce a ci gaba. Sai ga amsoshin yara suna fitowa ɗaya bayan ɗaya. Na uku ko na huɗu wani yaro ne mai kaifin murya: "Malam, mu shanunmu suna kwana bayan masallaci, kuma wurin akwai laima, na gaya ma Alhaji ya ce in bar shi da surutu." Mai unguwa ya cire tabarau ya dube ni.

"Wannan jikana ne. Shi ma a ɗaure shi?"

Saƙon yaro na gaba ya shigo, yana jan majina: "Malam, mu ba mu da akuya. Ɓeraye gare mu, da kuɗin cizo. Su ma dabbobin gida ne? Kuɗin cizon a katifar Baba suke kwana, kuma Baba suke ci."

Wani daga taga ya ce, "Wallahi ɗan Ɗan-Ige ne!" Dariya ta fashe a waje. Ɗan-Ige ya sunkuyar da kai yana sosa wuya, abin da ya ƙara wa mutane dariya.

Da a nan aka tsaya, da na fita da sauran mutunci ko na rufe fuska. Mai unguwa ya ce, "A koma na jiya da shekaranjiya ma, kada a bar wa kowa shakka." Balkisu ta taɓa, ta taɓa, sai ta tsaya. Ta dube ni, ta dubi ƙasa.

"Baba Mai unguwa, don Allah kada a kunna wanga."

Na ce to, ga shi nan, an zo wurin. Na miƙe bisa ƙafata mai lafiya na nuna wayar da yatsa.

"Shi za a kunna! Kowa ya ji!"

(Ni na ce. Ba wanda ya tilasta ni. Har da "kowa ya ji".)

Ta kunna. Muryarta ce, tas, ba gargada:

"Malam, na duba kamar yadda ka ce. Awakinmu suna tuƙa, ragonmu ma yana tuƙa, kaza ba ta yi. To Malam, Babanmu fa? In ya dawo gona sai ya zauna kusa da rago, ba ya magana da kowa, bakinshi na ta motsi, shi da ragon suna kallon katanga har a kira magariba. Shi ma yana cikin masu tuƙa?"

A daidai wannan lokacin akwai goro a bakina. Tun daga gida nake taunarsa ban sani ba. Duk zauren ya juyo ya zuba wa muƙamuƙina ido. Na tsayar da baki. In haɗiye, za a gani. In tofar, za a gani. Na tsaya da shi a kumatu kamar wanda aka kama da naman sata.

Liman ne ya fara. Ya yi ƙoƙari, ya toshe baki da rawani, kafaɗunsa suka tona shi. Daga nan sai zaure ya rushe. Na taga suka faɗa wa na waje, na waje suka faɗa wa na bisa katanga. Na ji duwatsu suna faɗuwa ƙasa tim, tim, masu su suna riƙe ciki.

Wayar ba ta tsaya ba, ta wuce saƙo na gaba da kanta. Muryar Malam Ishaya:

"A'a Balkisu, Babanki mutum ne, cikinsa guda, goro yake ci. Amma kin iya kallo, kuma da kallo ake fara kimiyya. Mutumin da ya wuni a gona yana da haƙƙin ya zauna shiru. Ki kai masa ruwa, ki ce malaminki yana gaishe shi."

Dariyar ba ta kashe ni ba, na sha abin da ya fi dariya. Gaisuwar nan ce ta kashe ni. Mutumin da ya aiko mini da gaisuwa jiya, ga shi zaune a gabana da yagaggen singileti, jini yana bin haɓarsa.

Shi bai yi dariya ba. Ya jira aka lafa, ya goge baki da bayan hannu, ya ce:

"Ranka ya daɗe, na gode. Amma ka leƙa waje. Wancan mai jar riga da ya ɗauki dutse, ni na koya masa rubuta sunansa. Ba wanda ya sa ni aikin nan, ba wanda ya saya mini kati, na ga yara suna lalacewa ne. Daga yau na daina. In Allah ya kai mu ƙarshen wata zan kwashe iyalina."

Mai unguwa ya ba shi haƙuri, liman ya ba shi haƙuri. Ni kuwa bakina da ya buɗe a titi ya koma ya rufe, da goron a ciki.

Kulu ta dawo washegari. Tun a mota aka ba ta labari, don haka ko mayafi ba ta cire ba.

"Sannu, sarkin yaƙi. Sannu da kama ɓarayi. Mutum shekara da shekaru ba ya magana, in ce masa gishiri ya ƙare ya ce to, in ce masa ɗaki na yoyo ya ce to, ranar da Allah ya buɗe masa baki sai ya nemi a kashe bawan Allah!"

Na ce, "Na ji yana tambayar awaki."

"Ka tambayi yarinyar?"

Na juya wajen rago.

"Na ce ka tambaye ta? Ba a gabanka take ba? Ko ita ma daji ta shiga?"

Balkisu kuwa ba ta yi mini rashin kunya ba, da ma ta yi. Ta kawo mini ruwa, ta kawo tuwo, ta koma ɗaki. Da la'asar, lokacin da darasi ya saba shigowa, sai ta ɗauki wayar ta zauna bakin ƙofa tana kallon ta. Ba abin da ya shigo. Ta daina fita lungu, don yara na ce mata babanta ya cinye musu makaranta.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne iyayen. Waɗanda suka tsinci duwatsu da hannunsu, su ne yanzu ke tare ni a hanya suna cewa, "Haba Baban Balkisu, ai bincike ake fara yi." Ɗan-Ige ma cewa ya yi a teburin mai shayi shi tun da ya ga fuskar mutumin ya san ba mugu ba ne. Ban tanka masa ba, don in na tanka sai an koma zauren mai unguwa.

Kuma maganar ba ta mutu ba. Dariya ta tsaya a unguwarmu, kalmar kuwa ta hau mota. Wani abokin aikina ya dawo daga Damri ya ce a can an ce an kama infoma a Mafara, malamin makaranta, mai unguwa ya ɓoye shi. Na san ma'anar wannan. Wata rana mutumin zai sauka a wata tasha, wani ya nuna shi da baki, kuma ba lalle a samu tsoho mai carbi a kusa ba.

Na tafi gidansa. Wannan karon na yi sallama har sau uku. Ya fito da kansa, leɓen ya kumbura. Ta bayansa na hango an fara ɗaure kaya. Matarsa ta leƙo, ta gan ni, ta saki labule.

Na durƙusa bisa ƙafar da ba ta durƙusuwa. Na ce, "Malam, na yi kuskure. Ka yafe."

"Na ji abin da ya same ka a ƙauyenku," in ji shi. "Allah ya jiƙan ɗan'uwanka. Ni na yafe. Amma ka duba, Baban Balkisu. A titi ka faɗe ta, da ƙarfi, gari ya ji. Yanzu ka zo kana janye ta a zaure, ni kaɗai nake ji. Ni ai na san ba infoma ba ne. Ba ni ke buƙatar labari ba."

Ya koma ciki. Na tashi da kyar.

Ranar Talata kasuwa ta ci. Duk wanda zai kai magana Bakura ko Maradun ko Morai, a nan yake. Na je wurin wani mai maganin gargajiya da ke yawo da ƙaramar lasifika, na ce ya ara mini. Ya nuna mini inda ake dannawa, na ce to. (Kun dai san "to" ɗina.) Na nufi kara, inda ake cinikin dabbobi, don a nan aka fi tsoron infoma. Na hau bisa wani amalanke, na ɗaga lasifika, na danna.

"Maganin basir! Mai tsiro da marar tsiro! Kada ka ji kunya, ɗan'uwa, fito ka faɗi damuwarka!"

Muryar mai maganin ce da ya naɗa a ciki. Na sake dannawa, ta ƙara ƙarfi. Duk kara ta juyo: dillalai, Fulani, mahauta, har shanun. Ga ni tsaye bisa amalanke, fuska murtuk, ina shelar basir. Wani dillali ya ce, "Allah ya ba ka lafiya, baba, sauko mu gani!" Wani yaro ya ƙwala, "Mai tuƙa ne! Wallahi Mai tuƙa ne!" Ashe wannan ma ta hau mota.

Na so in sauka. Na tuna Balkisu a bakin ƙofa da waya a hannu. Na kashe abin gaba ɗaya, na ajiye shi, na yi da muryar da na yi ta farko:

"Jama'a! Ni ne na ce Malam Ishaya infoma ne. Ƙarya na yi. Malamin yara ne, darasin dabbobi yake koya musu. Ban bincika ba. Wanda ya ji waccan, ya ji wagga. Wanda ya kai waccan garinsu, ya kai wagga. Wanda ya taɓa shi, Allah ya isa, kuma ni zai fara samu."

Na sauka na tafi layin 'yan hatsi na sake faɗa. Na je tasha, na bi motocin Bakura da na Maradun ɗaya bayan ɗaya ina faɗa ta taga. Yara na biye da ni suna motsa baki kamar awaki. Tun da uwata ta haife ni ban taɓa yin magana mai yawan ta ranar ba. Da na dawo gida muryata ta dishe, Kulu ta dube ni ta ce, "Yau kam ka ci tuwonka," ta ƙara mini miya.

Ƙarshen wata ya zo. Matar Malam da 'ya'yansa suka tafi Zuru, kuma ba su dawo da zama ba har yau. Wannan ni na jawo, ba lasifikar da za ta gyara shi. Shi dai ya zauna.

Wata la'asar na shigo gida na ga faranti biyu da ruwa a ciki, ɗaya a tsakiyar rana, ɗaya a inuwa, Balkisu tsugune tana auna ruwan da tsinke. Wayar tana gefenta. Na tsaya. Na buɗe baki, ya yi nauyi, na dai daure.

"Mi kike yi?"

Ta ɗago ta dube ni kamar rago ne ya yi magana. Sannan ta ce, "Malam ya ce mu gano inda ruwa ke tafiya in ya bushe." Ta yi bayani mai tsawo. Rabi ban gane ba. Ban katse ta ba.

Ya ci gaba da aiko darasi har aka buɗe makarantu: ruwa, iska, tsiron wake, ƙusa mai tsatsa. Bai sake tambayar yaro ko kaza nawa ce a gidansu ba. Yaran unguwarmu na wannan shekarar ba su ƙarasa darasin dabbobi ba, kuma kowa ya san wanda ya jawo. In mun haɗu a hanya ina gaishe shi, yana amsawa, ba ya ƙarawa. Ban ga laifinsa ba.

Har yanzu ina jin haushin waɗanda suka mayar da mu haka, har tambayar "akuya nawa gare ku" ta zama abin kashe mutum. Amma ba su suka ja wuyan singiletin nan ba.

Hausawa sun ce wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Da gudun na yi, da ba wanda ya ji. Ni gari na tara a kashe tsumman. Yanzu in na ga abin da ya yi kama da maciji a gidana, sai in kira 'yar aji huɗu in tambaye ta, in kuma rufe bakina har ta kai ƙarshen magana.